Yadda ake wanke bakin tsohon da yake cin abinci ta roba

Akwai maganar da nake yawan ji a gidajen da ake jinyar tsofaffi a nan Jos, musamman waɗanda hawan jini ya kayar ɓarin jiki ya shanye, aka sa musu robar abinci ta hanci ko kuma aka huda ciki aka saka ta can. Sai kiji ana cewa ai Baba baya cin komai ta baki yanzu, me kuma za'a wanke masa. Ni aikin jinya nakeyi, ina shiga gidaje daga Gangare zuwa Anguwan Rogo da Rikkos har Bukuru, kuma wallahi wannan maganar tana damuna sosai, domin zaki samu iyali suna iya bakin ƙoƙarinsu, ana juya shi akan lokaci, ana masa wanka, ana dama kunu a tace a zuba a sirinji, babu abinda aka rage shi dashi, amma baki an manta dashi gaba ɗaya. Bayan 'yan makonni sai zazzaɓi da numfashi sama-sama, a kwashe shi a koma asibiti ace nimoniya ce, wato ciwon huhu. Bakin da baya tauna abinci yafi nawa da naki buƙatar wanki, kuma bari in faɗi dalili kafin mu shiga yadda akeyi, saboda in mutum bai gane dalilin ba kwana uku zaiyi ya watsar.

Lafiyayyen mutum yana fitar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana, kuma tauna ce take tsokano shi, harshe yana yawo yana shara, kana haɗiya kana tura dattin zuwa ciki inda ruwan tumbi zai kashe yawancin ƙwayoyin cutar. An gano nau'in bakteriya wajen 700 da suke iya zama a bakin ɗan Adam, yawancinsu basa cutarwa matuƙar wannan sharar tana tafiya. To ranar da aka sa roba aka daina tauna sai yawu ya ragu yayi kauri, baki ya koma kaman kwatar da ruwa ya daina gudu a cikinta, duk abinda ya faɗa nan zai zauna. A irin wannan bakin ne ake samun miyagun ƙwayoyin da aka fi sani da su a asibiti, irinsu Sudomonas da Kilebsiyela, suna zama akan harshe da ganɗa da gindin haƙora, har jikin robar kanta. Kuma abinda mutane basu sani ba shine robar abinci bata hana ƙwarewa. Abinci ne aka canza wa hanya, amma yawunsa yana nan yana gangarawa maƙogwaro dare da rana, kuma tunda haɗiyarsa ce ta samu matsala tun farko, wani ɓangare na yawun nan huhu yake sauka, sau da yawa ma ba tare da ko tari ba, musamman cikin barci. In yawun mai tsabta ne huhu zai iya jurewa, in kuma cike yake da waɗannan ƙwayoyin shikenan ciwon huhu ya samu ƙofa.

A Japan an taɓa bin tsofaffi a gidajen kula da tsofaffi guda 11 har shekara biyu, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda ake goge musu baki da kyau kashi 11 cikin ɗari ne suka kamu da nimoniya, waɗanda aka barsu yadda aka saba kuma kashi 19. Buroshi ne fa da hannun mai kula, sai ma'aikacin haƙori da yake zuwa sau ɗaya a sati.

Yawanci mata ne akan jinya shiyasa da ke nake magana, amma ku maza 'ya'yan gida dan Allah ku tsaya ku koya, musamman in Baba ne a kwance. Akwai tsohon da ko zai mutu bazai buɗe baki surukarsa ta sa masa hannu ba, kunya ce, kuma ya kamata a mutunta masa ita.

Fara da haɗa kaya, ki samu roba mai murfi ki zuba su waje ɗaya kusa da gadonsa, in kaya suna warwatse a ɗaki uku aikin bazai ɗore ba. Buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, na yara yafi, saboda shi yake shiga lungu kuma baya tayar da amai. Makilin mai fulorayid, in kin samu wanda baya kumfa sosai yafi, ki tambayi mai kemis. Safar hannu. Goz, wannan farin bandejin asibiti mai laushi, banda auduga domin tana barin zare a baki. Sandar katako mai faɗi da likita yake danne harshe da ita. Tocila, ko ta waya ma tayi. Tawul, ƙaramin kwano na zuba abinda aka goge, da kofi biyu na tafasasshen ruwa da ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ɗaya na jiƙa goz ɗaya na ɗauraye buroshi. Sai man jiƙa baki mai ruwa-ruwa, akwai wanda akeyi musamman domin bushewar baki, in babu K-Y Jelly yana yi. In kuna da halin injin zuƙe majina ku saya ko ku yi haya, yana taimako ƙwarai ga wanda yawu yake taruwa masa, kuma da yanayin wutar nan tamu wanda ake takawa da ƙafa ko mai caji yafi amfani. In babu shi ba'a fasa wanki, goz zai yi aikin, sai dai a ƙara kula.

Lokaci kuma, kada ki wanke masa baki ciki cike. Kiyi kafin a bashi abinci, ko ki bari sai anyi awa ɗaya bayan an gama, saboda buroshi yana iya taɓo maƙoshi yayi amai, kuma amai ga mai robar abinci ba ƙaramin hatsari bane. Goge haƙora da buroshi sau biyu ne a rana mafi ƙaranci, safe da dare, na daren nan shine wanda ba'a wasa dashi tunda cikin barci aka fi ƙwarewa. Jiƙa baki da share shi kuma duk bayan awa biyu zuwa huɗu in yana farke. Ni abinda nake gaya wa iyalai shine su ɗaura abin akan salla: buroshi bayan Asuba da bayan Isha'i, shara da jiƙawa a Azahar da La'asar da Magariba, sai a ƙara ɗaya da hantsi. Ba wanda yake manta lokacin salla, to ba za'a manta bakin ba.

Yanzu aikin kansa. Ki wanke hannu da sabulu ki sa safa. Ki masa sallama ki gaya masa abinda zakiyi ko da kina ganin kaman baya ji, "Baba sannu, ya jikin, zan ɗan goge maka baki ne yanzu." Da yawa daga cikin waɗanda bakinsu ya mutu suna jin komai, kuma ba wanda zai so a afka masa a baki ba sanarwa. Ki tayar dashi zaune in yana iyawa, in baya iyawa ki tara filo a bayansa tun daga ƙugu har kafaɗa, yadda ƙirji da kai zasu ɗago sosai kaman rabin zama, ba wuya kaɗai za'a lanƙwasa ba. Haɓa ta ɗan sunkuyo wajen ƙirji, kai ya ɗan karkata gefe, yadda duk ruwan da ya taru waje zai zubo ba maƙogwaro ba. Kada ki taɓa ɗaga kansa baya wai don ki gani da kyau, wannan buɗe wa ruwa hanyar huhu ne kai tsaye. Wanda baya cikin hayyacinsa kuma a kwantar dashi ta gefe, fuska tana kallonki, tawul a ƙarƙashin kumatu. Ki duba filastar da ta riƙe robar a hanci tana nan daram, kuma ki lura da alamar da nas ta nuna miki a jikin robar, in ta zamo waje fiye da yadda take kada a zuba komai a ciki sai ma'aikacin lafiya ya duba.

Kafin ki taɓa komai ki haska tocila ki leƙa. Leɓe, cikin kumatu duka biyun, dasashi, harshe sama da ƙasa, ganɗa. Kina neman gyambo, jini, farin abu da ya manne, haƙorin da yake girgiɗi, da busasshiyar majina. Wanda ya samu shanyewar ɓari ki fi duba kumatun ɓangaren da ya mutu, nan yawu da datti suke maƙalewa tunda baya jin wajen balle ya tura da harshe. Wannan dubawar minti ɗaya ce amma ita ce zata sa ki gane canji da wuri, saboda wadda take leƙawa kullum ita ce zata san yau ba kaman jiya ba.

Sai ki shafa ɗan man jiƙa baki a leɓe tukuna, domin busasshen leɓe da kin ja shi zai tsage. Ki naɗa goz a yatsa ko a kan sandar katakon, naɗi mai kyau wanda bazai zame ba, ki tsoma a ruwan ɗumi ki matse sosai. Ki matse nace, ya zama danshi ne kawai, in kin ɗaga shi ba ɗigon da yake sauka. Ki share daga ciki zuwa waje kullum, kina jawo dattin wajenki, kina canza goz da zarar yayi datti, kada ki mayar da mai datti cikin kofin ruwa. Wannan sharar farko ita take kwashe yawu mai kauri kafin buroshi ya shiga ya motsa shi.

Anan zan ɗan tsaya akan busasshiyar majinar nan da take manne a ganɗa da bayan harshe, domin na ga tana tsorata mutane kuma na ga ana cire ta ta hanyar da bata dace ba. Wanda yake kwana baki buɗe, barin ma a hunturun Jos, zaki samu wani ɓawo ruwan ƙasa ko rawaya ya lulluɓe saman bakinsa, wani lokaci har da wari mai ƙarfi. Kada ki sa farce ko ki finciko shi a bushe, fatar wajen siririya ce zata biyo shi jini ya ɓalle. Ki shafa masa man jiƙa baki ki barshi kaman minti biyar zuwa goma yayi laushi, sannan ki sa goz mai danshi ki riƙa naɗo shi a hankali zuwa waje, idonki akansa da tocila, saboda in gutsuren ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro zai iya toshe numfashi. In bai fita duka a zama ɗaya ba ki barshi, ki dawo bayan awa biyu. Bakin da aka daɗe ba'a taɓa ba yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo daidai, ba gaggawa akeyi ba.

Sannan buroshi. Ki jiƙa shi ki kakkaɓe ruwan, ki laƙato makilin kwatankwacin ƙwayar shinkafa, ki danna shi cikin gashin buroshin yadda bazai faɗo ba. Ba'a son kumfa, kumfar ce take gangarawa. Ki tsaya ta gefensa ko ɗan bayansa, hannu ɗaya ya ɗaga leɓe ko ya ja kumatu, yatsanki yana waje da haƙora tsakaninsu da kumatu, kada ki kuskura ki sa shi tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, cizon mara lafiya ba da gangan bane amma yana fasa yatsa. Ki karkata gashin buroshin ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, nan dattin yake taruwa, ki riƙa ɗan zagayawa a hankali haƙori biyu biyu. Ki riƙe tsari ɗaya kullum don kada ki tsallake waje: sama ta waje daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sama ta ciki, sai inda ake tauna, sannan ki sauko ƙasa haka. Duk bayan 'yan haƙora ki tsaya ki share kumfa da yawu da goz ko ki zuƙe da inji, ki ɗauraye buroshin, ki barshi ya numfasa. Gogewar kanta minti biyu ce, amma da tsaye-tsayen nan zata kai biyar ko fi, ba komai. In ya fara tari ko muryarsa ta koma kaman ruwa a maƙogwaro ki tsaya nan take, ki sunkuyar dashi gaba, ki share, sai ya natsu ki ci gaba.

Harshe ki goge shi da buroshin nan daga tsakiya zuwa gaba, sau uku ko huɗu a hankali, kada ki zurfafa can baya. Daga nan ba kurkura. Wannan ki riƙe shi da kyau, wanda likita yace kada a bashi komai ta baki ba'a bashi ruwa ya kurkure, ba'a kuma tsiyaya masa da sirinji a baki. Goz mai danshi zaki sa ki share ragowar makilin sau biyu ko uku, ɗan abinda ya rage a jikin haƙori ma amfani yakeyi. Ki sake haska tocila ki tabbata ba goz ko wani gutsure da ya rage, ki shafa man jiƙa baki siriri a harshe da ganɗa da cikin kumatu da leɓe, siriri fa, in kika lafta shi ne zai bushe ya zama sabon ɓawo gobe. Ki barshi a ɗage kaman minti ashirin zuwa talatin. Buroshi a wanke a tsayar dashi kai sama ya sha iska, a canza shi duk wata uku ko bayan ya tashi daga ciwon ƙirji.

Zaki ga jini a dasashi a kwanakin farko, kuma anan mutane suke tsorata su daina. Dasashin da datti ya kumbura shi dole yayi jini in an taɓa, maganinsa shine a ci gaba da gogewa a hankali, cikin sati ɗaya zuwa biyu yakan ragu. Amma yawancin masu shanyewar ɓari suna kan maganin tsinka jini, asfirin ko kulofidogirel ko wafarin, to in jinin yaƙi tsayawa bayan kin danne da goz na minti goma, ko yana fita da kansa ba'a taɓa ba, a kira likita. Wani abin kuma, maganin hawan jini irin amlodifin da nifedifin yana sa dasashin wasu ya kumbura ya hau kan haƙora, in kin ga haka ki faɗa a asibiti, kada ki tsayar da maganin da kanki.

Wanda bashi da haƙori ko ɗaya shima ana masa duk wannan, ƙwayoyin cutar suna kan harshe da dasashi da ganɗa, buroshi mai laushi ko goz da ruwa ya isa. Mai haƙoran roba kuma a cire su kullum da dare, a wanke da buroshi da sabulu mara ƙamshi akan kwano mai ruwa don in sun suɓuce kada su fashe, a ajiye cikin ruwa mai tsabta. In ya rame sun yi masa yawa suna rawa a baki, ko baya cikin hayyacinsa, gara a ajiye su gaba ɗaya.

To in yaƙi buɗe baki fa? Wannan kullum ana tambayata, barin ma masu ciwon mantuwa. Kada a danne shi, kada a toshe masa hanci, kada a sa cokali a ɓanɓare, ana karya haƙori haka kuma gobe bazai ƙara yarda ba. Ki zauna daidai tsayinsa ya ga fuskarki, ki nuna masa buroshin, ki shafa kumatunsa da gefen muƙamuƙi a hankali, ki fara da leɓe. Wani in kika sa masa buroshin a hannunsa kika ɗora naki akai sai hannun ya tuna aikin da kansa. Wani muryar mutum ɗaya kawai yake yarda da ita a gidan, ko autarsa ko wani jika, to a kira shi ya zauna kusa. In duk da haka ya datse, ki goge ta waje kawai, rabin aiki ne kuma yafi babu, ki dawo anjima. Amma wanda da yana yarda sai kwatsam ya fara ƙi, ki zargi ciwo a bakin, gyambo ko haƙori.

Tsofaffinmu da yawa asuwaki suka sani tun tasowarsu, kuma na ga wanda yaƙi buroshi amma yana jin ɗanɗanon asuwaki ya buɗe baki. A ciwon ajalin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha ta karɓi asuwaki daga hannun ɗan'uwanta Abdurrahman ta tausasa masa shi ya goge bakinsa, to kula da bakin mara lafiya ba sabon abu bane a wajenmu. In zaki yi amfani dashi ki samu ɗanye sabo, ki jiƙa, ki daddaka bakin yayi laushi, ki yanke duk zaren da yake lilo, ke zaki riƙe ba shi ba, kuma ki share bakin bayan kin gama saboda zaren da yake zubewa. Ni dai nafi son a riƙe shi a matsayin ƙari, buroshin yana nan safe da dare.

Abubuwan da ba'a sawa: gawayi da toka da gishiri tsura, suna kankare fatar da dama ta riga ta yi rauni. Lemun tsami yana ƙara busar da baki yana cin haƙori. Ruwan kurkure baki na kanti mai yaji wanda akwai sinadarin barasa a ciki shima busarwa yakeyi. Ruwan gishiri mai sauƙi, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ba laifi a jiƙa goz dashi. Kulohekzidin, wani ruwan maganin wanke baki, yana kashe ƙwayoyin cuta da gaske amma sai likita ya rubuta, shafa shi akeyi da goz, a bar rabin awa tsakaninsa da makilin, yana kuma sa haƙora su yi duhu in an daɗe, kuma baya maye gurbin buroshi. Basilin da man kaɗanya a leɓe ta waje kaɗan ba matsala, amma banda cikin baki, kuma in yana kan iskar oksijin a nisanta su gaba ɗaya saboda maiƙo da oksijin suna kama wuta.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu aikin yana ƙaruwa a garin nan, iskar hunturu ga sanyin Jos, leɓe yana tsagewa cikin awa kaɗan, sai a ƙara yawan jiƙawa har da tsakar dare in an tashi juya shi. Ki shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin yana rage bushewar iska. Dan Allah kada a shigar da kaskon gawayi ɗakin mara lafiya a rufe ƙofa da taga wai don ɗumi, hayaƙin da ba'a gani yana kisa, a ƙara masa bargo da safa da hula. Kuma bakin da yake bushewa duk da ana jiƙawa sau da yawa alama ce ruwan da ake zuba masa ta roba bai isa ba, ki duba fitsarinsa in yayi duhu ya ragu ki tambayi likita ko mai tsara abinci nawa ya kamata a ƙara. Wasu magungunan ma suna busar da baki, irin na sa fitsari da amitiriftilin da Piriton.

Sai maganar 'yan dubiya, wadda tafi kowacce wuya saboda da ƙauna suke zuwa. Goggo zata zo daga Bauchi da ruwan Zamzam, wani zai kawo rubutu, wata zuma, wata tace haba ɗan kurɓi ɗaya na kunu ai bazai yi komai ba, kuna kallon bawan Allah bakinsa ya bushe. Kuma ke ƙaramar gida ce, nauyin musu kikeji. Ki samu babba a gidan, Yaya ko Kawu, ya zama shi ne mai faɗa, a kuma rubuta a takarda a manna saman gadon cewa likita yace ba'a bashi komai ta baki. Zamzam ba sai an hana ba, ki karɓa da godiya kice "Goggo kawo in shafa masa," ki jiƙa goz dashi ki matse ki shafa a leɓe da harshe a gabanta, sauran a tambayi nas ko za'a zuba ta roba. Kurɓi ɗaya ga wanda haɗiyarsa ta lalace yana iya zama kwana goma a gadon asibiti. Ranar da zai koma ci ta baki likita ne zai gwada haɗiyar ya faɗa, kuma bakin da aka kula dashi yafi saurin komawa.

Hancin da robar take ciki shima a share gefensa kullum da goz mai danshi, a canza filasta in ta jiƙe ko ta saki, a ɗan sauya inda take dannawa don kada ta ci fatar hancin.

Abubuwan da in kin gansu ba jira: zafin jiki ya kai 38, numfashi ya wuce 24 a minti ɗaya yana kwance shiru, ki ƙirga da agogon waya, kaki ya canza zuwa rawaya ko kore, ƙirji yana kurkur, ko abin auna iska na yatsa ya nuna ƙasa da 92. Ki sani tsoho yana iya kamuwa da nimoniya ba zazzaɓi ko kaɗan, sai dai kiga barci ya masa yawa ko ya rikice fiye da yadda kika sanshi, wannan kaɗai ya isa a tafi asibiti, ko JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo ko Plateau Specialist ko Jankwano, duk wanda yafi kusa ko inda katinsa yake. Kumburi mai zafi a gaban kunne shima na gaggawa ne, jakar yawu ce ta kamu. Farin abu da ya manne a harshe da cikin kumatu wanda in kin goge ƙasan yayi ja, wannan ciwon ƙwayar cutar fangas ne, yafi kama masu ciwon suga da waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai maganinsa irin nistatin amma likita ya gani tukuna, kuma in yana shan wafarin ki faɗa domin wani maganin ciwon da ake shafawa a baki baya haɗuwa dashi. Gyambon da ya wuce sati biyu bai warke ba a nuna shi.

Haƙorin da yake girgiɗi kada ki cire da kanki kada kuma ki share zancen, yana iya fita cikin dare ya faɗa hanyar iska. Haka dattin da ya riga ya daskare a gindin haƙora, wanda masu cin abinci ta roba suke saurin tarawa, buroshi baya fitar dashi sai likitan haƙori ya kankare. Akwai sashen haƙori a JUTH, akwai kuma cibiyar lafiyar baki ta ƙasashen Afirka, ICOH, a nan cikin Jos. In ɗaukarsa zuwa can zai yi wuya ku fara aika mutum ɗaya da hoton bakin a waya ya tambaya yadda za'ayi, ya tafi da takardar sallama da kwalayen duk magungunan da yake sha, ya kuma gaya musu tun farko cewa mara lafiyan baya iya haɗiya, don su shirya injin zuƙa kafin su taɓa shi.